SAƘAR SUWAITA DA HANNU DA DALILAN DA KE SA A YI TA

1.0 Gabatarwa

Idan aka zo nazarin wata sana'a a darasin al'ada, abin da aka saba yi shi ne a kawo ma'anarta, a jera kayan aikinta, sannan a lissafa amfaninta. Wannan tsari yana da kyau, amma yakan bar wata tambaya ba a amsa ta ba, wato me ke riƙe da mutum a kan sana'a bayan an sami hanya mafi sauƙi ta biyan buƙatar da sana'ar ke biya? Saƙar suwaita da hannu ta dace da wannan tambaya ƙwarai. Fiye da shekara 400 ke nan da ƙera injin saƙa na farko, kuma sau da yawa kuɗin suwaitar kanti ba ya kai na zaren da za a saƙa irinta da hannu. Duk da haka, har gobe akwai masu ɗaukar makonni suna saƙa riga guda.

Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake saƙar, sannan ya ɗauki tsibiran Shetland na ƙasar Birtaniya a matsayin misali, domin a can ne tarihin sana'ar ya fito fili, tun daga lokacin da take hanyar cin abinci har zuwa lokacin da ta koma abin da ake fafutukar kada ya ɓace. Daga nan za a fito da dalilan da ke sa mutane saƙa, a kuma waiwayi matsayin sana'ar a ƙasar Hausa.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

i. bambance saƙar tsinke da sauran ire-iren saƙa;
ii. bayyana matakan saƙa suwaita, da ƙiyasta yawan aikin da ke cikinta;
iii. kawo tarihin saƙa a tsibiran Shetland a taƙaice;
iv. tattauna dalilan da ke sa mutane saƙa da hannu;
v. danganta waɗannan dalilai da abin da ake gani a ƙasar Hausa.

3.1 Ma'anar Saƙa da Ire-irenta

Kalmar saƙa tana da faɗi a Hausa. Ta ƙunshi duk wani aiki na sarƙa zare ko kaba ko ciyawa har su kama juna su zama abu guda. Don haka ake cewa saƙar tufa da saƙar tabarma da saƙar zana. Gizo-gizo ma saƙa yake yi. Hatta zuciya an ba ta wannan aiki, shi ya sa akan ce wane yana ta saƙe-saƙe, ko yana saƙa da warwara. A fagen zare, saƙa iri uku ce:

(a) Saƙar masaƙa. Ita ce Bahaushe ya gada kaka da kakanni. Ana yin wadari a miƙar da zaren tsaye, sannan a riƙa jefa ƙoshiya tana ratsa shi da zaren kwance. Tufar da aka samu ta wannan hanya, kamar saƙi da gwado da luru, tana da ƙwari amma ba ta miƙewa.

(b) Saƙar kwarashi. Ana yin ta da ƙarfe guda mai ƙugiya a baki, ana kammala zarge ɗaya kafin a shiga na gaba.

(c) Saƙar tsinke. Ana yin ta da zare guda mai tsawo da tsinke biyu ko fiye. Ana jera zarge masu yawa a kan tsinke ɗaya, sai a riƙa zura ɗaya tsinken cikin kowane zarge ana jawo sabo ta cikinsa. A wannan darasi, kowane zarge guda za a riƙa kiransa ido, kamar yadda ake cewa idon raga.

Saƙar tsinke ita ce ake yin suwaita da ita. Da yake idanun a sarƙe suke ba a ƙulle ba, tufar takan miƙe ta kuma koma, ta bi jiki. Haka kuma ƙananan ramukan da ke tsakanin idanun suna riƙe iska, iskar nan kuwa ita ke hana ɗumin jiki fita. Wannan shi ne sirrin ɗumin suwaita.

3.2 Taƙaitaccen Tarihi

Mafi daɗewar kayan saƙar tsinke da aka gano su ne wasu safuna na auduga, masu adon fari da shuɗi, da aka samu a Masar, waɗanda aka saƙa tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Kyan aikinsu ya nuna cewa sana'ar ta girme su. A Sifaniya an sami matashin kai saƙaƙƙe, mai rubutun Larabci a gefe, a kabarin wani ɗan sarki mai suna Fernando de la Cerda wanda ya rasu a 1275. Daga nan sana'ar ta bazu a Turai, inda aka fi saƙa huluna da safuna. Ta yi ƙarfin da a 1571 majalisar Ingila ta kafa dokar da ta tilasta wa talakawa sanya hular ulu saƙar ƙasar a ranakun Lahadi da na bukukuwa, don kare masu sana'ar.

A 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa a kusa da Nottingham. Tun daga lokacin hannu da inji suke gogayya. Ita kuwa suwaita ta zo ne daga baya. Ta yaɗu a ƙarni na 19 a tsakanin masuntan gaɓar tekun Birtaniya, waɗanda matansu ke saƙa musu riguna masu kauri da matsattsun idanu, don iska da feshin ruwa kada su ratsa.

3.3 Kayan Aiki da Matakan Saƙa

Kayan aikin ba su da yawa: zare, da tsinkayen saƙa na ƙarfe ko katako ko roba, da allura mai faɗin kafa, da almakashi, da abin awo. Mafi daraja a zare shi ne ulun tumaki, domin yakan tsotse danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba. Akwai kuma zaren roba da ake kira akirilik, wanda ya shigo kasuwa a shekarun 1950. Ya fi araha da sauƙin wanki, amma bai kai ulun tumaki ɗumi ba.

Ido iri biyu ne kawai: wanda ake jawo zarensa ta gaba, da wanda ake jawowa ta baya. Duk wani ado na saƙa daga sarrafa waɗannan biyun yake fitowa. Alal misali, idan aka riƙa jera biyu na gaba, biyu na baya, sai a sami saƙa mai tamkewa kamar roba, irin wadda ake gani a wuya da bakin hannu da gindin suwaita. Matakan aikin su ne:

i. auna wanda za a yi wa rigar;
ii. saƙa ɗan ƙyalle na gwaji don a san ido nawa ke cika santimita 10;
iii. ɗora idanun farko a kan tsinke;
iv. saƙa jikin rigar layi bayan layi, ana ƙara idanu ko rage su inda ake son faɗi ko tsukewa;
v. saƙa hannuwa da wuya;
vi. rufe idanun ƙarshe, a haɗa sassan, a wanke, a shimfiɗa ta bushe a kan siffarta.

Domin a gane nauyin aikin, ga ɗan lissafi. A ɗauka ana son riga mai kewayen ƙirji santimita 100 da tsawon santimita 60, kuma gwaji ya nuna ido 22 da layi 30 ne ke cika santimita 10. Ke nan kowane zagaye yana da ido 220, kuma za a yi zagaye 180, wato ido 39,600 a jikin rigar kaɗai. Hannuwa biyu za su ci kusan ido 20,000. Jimilla kimanin ido 60,000 ke nan. Mai saƙa ido 30 a minti ɗaya za ta yi sama da awa 33 tana aiki, ban da gyaran kuskure da haɗawa. Wata gwanar saƙa 'yar Shetland mai suna Hazel Tindall ta ci gasar sauri ta duniya a 2008 da ido 262 a minti uku. Ko da za ta iya ɗorewa a kan wannan sauri ba hutawa, sai ta haura awa 11 kafin ta gama wannan riga. Idan kuwa zaren siriri ne, idanun za su iya kusantar 100,000. Wannan lissafi shi ne mabuɗin fahimtar sauran darasin, domin duk wanda ya saƙa suwaita ya ba da wani yanki na rayuwarsa ne, kuma dole akwai abin da ya sa shi.

3.4 Saƙa a Tsibiran Shetland

Shetland tarin tsibirai ne kusan 100 a arewacin Sukotland, waɗanda mutane ke zaune a 16 daga cikinsu. Yawan jama'arsu a yau kimanin 23,000 ne, babban garinsu kuma Lerwick. Wuri ne mai iska da sanyi, ba itatuwa sosai, noma kuma ba ya wadatarwa. Abin da Allah ya hore musu shi ne kifi da wasu ƙananan tumaki masu laushin gashi da launi iri-iri.

Tun a ƙarni na 17 da na 18 matan tsibiran ke sayar da safuna da huluna ga masuntan Holan da ke zuwa kamun kifi da bazara. A ƙarni na 19 saƙa ta zama ginshiƙin gida. Maza suna teku, wasu kuma ba sa dawowa, har mata suka fi maza yawa nesa ba kusa ba. A watan Yuli na 1881 guguwa ta halaka masunta 58 a dare guda, a masifar da ake kira ta Gloup, ta bar mata 34 cikin takaba. Irin waɗannan mata ba su da abin riƙe marayu sai tsinken saƙa. Saboda haka ba a ware wa saƙa lokaci. Mace takan ɗaura wata ɗamarar fata mai huda-huda a ƙugu, ta soke gindin tsinke ɗaya a ciki don ya tsaya da kansa. Da haka take saƙa tana tafiya, da kwandon makamashi a bayanta.

Sai dai wahalar ba ta tsaya nan ba. 'Yan kasuwar tsibiran ba sa biyan masaƙa da kuɗi. Tsarin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda suke yi: mace ta kawo saƙarta, a ba ta ganyen shayi ko yadi ko wani abu daga kantin, a kan farashin da mai kantin ya yanka. Idan garin abinci take buƙata ko kuɗin haya, sai ta sake sayar da shayin ga maƙwabta da hasara. Shi kuwa ɗan kasuwa ya ci riba sau biyu, ta kayan kantinsa da ta saƙar da zai kai biranen kudu. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. A 1872 gwamnati ta aika da kwamitin bincike ƙarƙashin William Guthrie, mata da dama suka ba da shaida a gabansa. An tsaurara doka a 1887, amma al'adar ba ta mutu ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka girke dubban sojoji a tsibiran, suka riƙa sayen saƙa kai tsaye daga hannun mata da tsabar kuɗi.

A cikin wannan ƙunci ne aka fito da aikin da duniya ta san Shetland da shi. Akwai mayafan tsibirin Unst, waɗanda saboda sirantar zarensu ana iya zare babban mayafi ta cikin zoben aure. Akwai kuma salon Fair Isle, mai ɗauke da sunan wani ɗan tsibiri da mazaunansa ba su kai 100 ba. A wannan salo riga takan ɗauki launi da yawa, amma ba a haɗa fiye da biyu a layi guda. Ana saƙa ta a zagaye kamar buhu, sannan a sa almakashi a yanka wurin hannuwa, kuma ba ta warwarewa saboda gashin ulun yana kama juna. Salon ya yi tashe a farkon shekarun 1920, bayan da Yariman Wales, wanda ya zama Sarki Edward na Takwas, ya riƙa fita da irin wannan riga.

Canji mafi girma ya zo ne a shekarun 1970 da aka sami man fetur a tekun yankin. Tashar mai ta Sullom Voe ta fara aiki a 1978, aikin albashi ya samu, mata da yawa suka ajiye tsinke. Ga wasunsu saƙa tambarin talauci ce, ba su kuma so 'ya'yansu su gaje ta. Da gida ya daina koyarwa, sai nauyin ya koma kan makarantun firamare. A 2010 kuma majalisar tsibiran ta soke darasin saƙa a makarantu don tsimin kuɗi. Abin lura shi ne, a wannan shekarar ce aka fara bikin Makon Ulu na Shetland, wanda ke jawo masaƙa daga ƙasashe da dama, kuma daga 2015 'yan sa-kai suka koma makarantu suna koya wa yara saƙa kyauta. Larurar da ta haifi sana'ar ta kau, amma wasu dalilai sun karɓe ta.

3.5 Dalilan da ke Sa Mutane Saƙa

3.5.1 Larura da Neman Abinci

Wannan shi ne dalili na asali, kamar yadda tarihin Shetland ya nuna. Sai dai lissafin da ya gabata ya bayyana rauninsa. Idan za a biya mai saƙa ladan awa 33 yadda ake biyan ma'aikaci, rigar za ta fi ƙarfin yawancin masu saye. Saboda haka duk inda saƙar hannu ta zama hanyar cin abinci, ko dai masu hali ne ke saye, ko kuwa mai saƙar ce ake ƙwara.

3.5.2 Ƙauna da Kyauta

Saƙa da yawa ba a yin ta don sayarwa. Uwa takan saƙa wa ɗanta, kaka ta saƙa wa jika. Darajar irin wannan kyauta tana cikin lokacin da aka ɓata, domin mai saƙar tana tuna wanda take yi wa a tsawon aikin, ta san faɗin kafaɗarsa da launin da yake so. Masaƙan Ingila da Amurka suna da wani camfi a kan haka, wai budurwar da ta saƙa wa saurayi suwaita kafin aure, rabuwa za su yi. Kamar sauran camfe-camfe, akwai hikima a ƙarƙashinsa. Ita ta san makonnin da ta kashe, shi kuwa riga kawai ya gani. Idan tukwicin yabo bai kai girman kyautar ba, zuciya takan sosu.

3.5.3 Taimakon Al'umma

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sojoji sun yi fama da sanyi da ruɓewar ƙafa a ramukan yaƙi. Ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross suka yi kira, mata da tsofaffi da 'yan makaranta suka duƙufa saƙa safuna da suwaitoci. Mutanen Ostareliya kaɗai sun aika da safa sama da ƙafa miliyan ɗaya. Ban da ɗumin da soja ya samu, wadda ke gida ma ta sami abin da zai rage mata zullumi, ta ji cewa da ita ake yi. Har yanzu ana irin wannan saƙa don jarirai bakwaini da 'yan gudun hijira.

3.5.4 Nuna Asali

Salon saƙa yakan zama tambarin al'umma, kamar yadda aska takwas take a babbar rigar Bahaushe. Wannan ne ya sa mutanen Shetland ke jin zafi idan aka buga sunan Fair Isle a kan kayan inji da aka yi a wata ƙasa. A 2015 kamfanin Chanel na Faransa ya nemi gafara bayan ya fito da rigunan da aka kwaikwaya daga aikin wata masaƙiya mazauniyar tsibirin ba tare da ambatonta ba.

A nan ya kamata mai nazari ya yi hattara, domin son nuna asali yakan haifi ƙagaggen tarihi. Ana cewa wai mutanen Fair Isle sun koyi adonsu ne daga sojojin ruwan Sifaniya da jirginsu ya fashe a tsibirin a 1588. Fashewar jirgin gaskiya ce, amma mafi daɗewar saƙar wannan salo da ke hannu ta tsakiyar ƙarni na 19 ce. Haka nan ana cewa kowane dangi a tsibiran Aran na Ailan yana da adonsa, don a gane gawar masunci idan teku ta turo ta. Bincike ya nuna cewa suwaitar Aran ta samu ne a farkon ƙarni na 20, kuma 'yan kasuwa ne suka yayata wancan labari.

3.5.5 Natsuwa da Zumunci

Maimaita motsi guda a hankali yana kwantar da zuciya, ga shi kuma ana ganin aikin yana tsawo a hannu. A wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2013, an tambayi masaƙa 3,545 daga ƙasashe daban-daban, aka ga cewa waɗanda suka fi yawan saƙa sun fi bayyana samun natsuwa da farin ciki. Sai dai a lura cewa masu son saƙar ne da kansu aka tambaya, don haka sakamakon shaida ce ta abin da suke ji, ba hujjar magani ba. A lokacin kullen annobar korona a 2020 mutane da yawa sun koma ga saƙa. A wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, an ga ɗan wasan Birtaniya Tom Daley, wanda ya ci lambar zinariya, yana saƙa a cikin 'yan kallo, ya kuma ce tana taimaka masa wajen kwantar da hankali. Bugu da ƙari, saƙa ba ta hana hira, shi ya sa take tara mutane wuri guda, gwani ya gyara wa ɗan koyo.

3.6 Saƙar Suwaita a Ƙasar Hausa

Saƙar tsinke ba ta cikin sana'o'in gargajiya na Hausawa. Kafin zuwanta, gwado da luru da bargo da jin wuta su ne maganin hunturu. Ta shigo ne a zamanin Turawa, ta hanyar makarantun 'yan mata da azuzuwan koyar da aikin gida. Harshe ma shaida ne, domin suwaita da ulu da kwarashi duk kalmomin aro ne daga Ingilishi da aka yi wa kwaskwarima. A suwaita an raba baƙaƙe biyu na farko da wasalin /u/, a ulu kuma an ƙara wasali a ƙarshe, bisa tsarin gaɓar Hausa. Amma aikin kansa bai sami sabon suna ba, an shigar da shi ne ƙarƙashin tsohuwar kalmar saƙa.

Sana'ar ta sami karɓuwa a wurin mata saboda ta dace da tsarin da suka saba da shi, na sana'ar cikin ɗaki. A da, kaɗi ne ke wannan matsayi: mace ta gurza auduga, ta shiɓe, ta kaɗa zare ko abawa da mazari tana hira, ta sayar wa masaƙa. Da zaren masana'anta ya yawaita, kaɗi ya ja baya, sai ɗinkin hula da saƙa da makamantansu suka cike gurbin. Abin da aka fi saƙawa shi ne kayan jarirai, wato riga da hula da safa, waɗanda akan kai barka ko suna, sai kuma rigunan sanyi na 'yan makaranta. Kasuwar takan buɗe ne da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Yawancin abin da ake kira ulu a kasuwa kuwa zaren roba ne.

Matsalar da masaƙan ke fuskanta ita ce dai wadda aka gani a Shetland. Kayan gwanjo da na inji sun fi araha, mai saye kuma yakan yi ciniki ne a kan kuɗin zare, ya manta da kwanakin da aka yi ana aiki. Mai saƙar ma sau da yawa ba ta sa lokacinta a lissafi, tunda a ganinta tsakanin ayyukan gida ta yi shi.

3.7 Abin Lura ga Malami

Malamin Hausa shi ne ke gabatar da sana'o'i ga yara a darasin al'ada, kuma yadda ya gabatar da su yana tasiri a kan yadda yaran za su ɗauke su. Idan ya tsaya ga jera sunayen kayan aiki, yaro zai haddace ya manta. Idan kuwa ya gayyato mai sana'ar aji, ya sa yara su ƙirga idanun hular jariri guda, su tambaye ta kwana nawa ta yi da nawa ta sayar, to sun koyi kalmomi, sun yi lissafi, sun kuma san darajar gumin iyayensu. Misalin Shetland ya nuna cewa sana'ar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana iya yankewa a tsakanin uwa da 'ya, kuma idan gida ya saki, makaranta ce kaɗai ta rage. Kaɗi da saƙar masaƙa da rini suna kan wannan siraɗi a ƙasar Hausa a yau.

4.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa saƙar tsinke ta bambanta da ta masaƙa da ta kwarashi, kuma suwaita guda tana cin dubban idanu da awoyi masu yawa. An ga yadda matan Shetland suka riƙe gidajensu da saƙa a ƙarƙashin tsarin da ya ƙware su, da yadda suka ajiye ta da samun mafita, da kuma yadda jikokinsu suka dawo da ita bisa zaɓin kansu. Dalilan saƙa sun haɗa da larura da ƙauna da taimako da nuna asali da neman natsuwa. Inji ya karɓe na farko, amma bai iya karɓe sauran ba, domin su a cikin yin aikin suke, ba a cikin rigar kaɗai ba.

5.0 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin saƙar masaƙa da saƙar kwarashi da saƙar tsinke.
2. Rigar yaro tana da kewayen santimita 60 da tsawon santimita 35. Idan ido 20 da layi 28 ne ke cika santimita 10, ido nawa ne a jikin rigar?
3. Yi bayanin tsarin cinikin da kwamitin 1872 ya bincika a Shetland. Ta yaya ya cutar da masaƙa?
4. Kawo dalilai huɗu da ke sa mutane saƙa da hannu, tare da misali ga kowanne.
5. Me ya sa ake ƙaga wa sana'a tarihi? Kawo misali daga darasin, da wani daga sana'o'in Hausawa.

6.0 Jinga

Kowane ɗalibi ya ziyarci wata mai saƙa a unguwarsu, ya tattaro sunayen da take kiran kayan aikinta da salon saƙarta, da wurin wanda ta koya, da abin da ya sa take yi har yanzu. A rubuta sakamakon a shafi biyu, a kwatanta dalilanta da waɗanda aka kawo a wannan darasi.